Mun Tafi Mu 42, A Marwa Na Ƙirga 41

Masu cigiyata a sashen sharhi, har da wadda ta ce ko haihuwa na yi na ɓoye, to ba haihuwa ba ce. Hutun shekara na ɗauka a wurin aiki, na bi Gwaggona Umra. Kafin ki ce Allah ya karɓa (amin, na gode), bari in gaya miki cewa aiki ne ya kai ni, ibadar a tsakankanin aikin na yi ta.

Gwaggon nan tawa, ƙanwar mahaifina, shekararta tara tana jagorantar ayarin masu Umra a ƙarƙashin wani kamfanin jigila. Mu a gida tsokanarta muke yi: “Ke kam Gwaggo kin more, kullum kina Makka, ba ko sisinki.” Ba ta taɓa yi mana musu ba, murmushi kawai take yi. Bana mai taimaka mata ta samu uzuri, dattawa kuma sun yi yawa a ayarin, sai ta ce in zo in riƙe mata jakar magani. Na ce a raina, wadda ta saba kwana a tsaye a sashen gaggawa, me mutum 42 masu lafiya za su yi mata? Kwana 14 muka yi. Na dawo zanena yana kwance mini a ƙugu.

Abin da na fara koya shi ne jagora ba ta da aikin da ya wuce ƙirga. A ƙofar mota ta ƙirga, a ƙofar masauki ta ƙirga, a bakin banɗakin kan hanya ta ƙirga. Ko magana kike mata, ki lura, leɓenta na motsi, idonta na bin kawunan mutane. Muna sauka a Jidda muka shiga motar da za ta kai mu Madina, tafiyar fiye da kilomita 400, Gwaggo ta bi kujera-kujera ta dawo ta ce, “'Yar nan, sake ƙirga min.” Na ƙirga, 43. Na sake, 43. Ni sai na yi dariya na ce ai gara ƙari da ragi. Ta harare ni. Ashe wata tsohuwa ce ta wani ayarin daban, ta ga hijabanmu iri ɗaya da nasu, ta biyo mu ta yi zamanta a kujerar baya har ta fara gyangyaɗi. Da alama yadi ɗaya kamfanonin biyu suka saya a Kantin Kwari. Fasfonta na hannun jagoransu, ba ta san sunan masaukinsu ba, abin da ta sani kawai ita 'yar wajen Gumel ce. Sai da muka yi awa ɗaya cur a filin ajiye motoci kafin aka gano mutanenta, jagoransu ya zo yana haki kamar zai faɗi. A ranar ban gane irin fargabar da ke fuskarsa ba. Bayan mako ɗaya na gane.

Tun a Kano ma an fara wasan. Gwaggo kan buɗe jakar kowa a gabansa kwana ɗaya kafin tashi, kuma mutane na jin haushin hakan. Kuka, daddawa, yaji, garin kunu, ba a magana. Goro ne abin faɗa, don Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba, kuma duk shekara sai an ja wa maniyyata kunne a kai. Wani Baba ya rantse bai ɗauko ba, Gwaggo ta ɗaga butarsa ta ji nauyi, ta girgiza. “Alhaji, butar nan tana da 'ya'ya.” Ya ce, “Hajiya, magani ne.” Aka yi dariya, aka bar wa jikansa goron. Amma akwai wurin da ba ta dariya sam: saƙo. Duk wanda ya ce ga ƙulli a kai wa ɗan uwansa a Makka, ko surukinki ne, ba ta yarda ya shiga kayan ayarinta ba tare da an kwance an gani ba. Kuna tune da ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya daga Disamba 2018 har ƙarshen Afrilu 2019 kan jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Tun daga lokacin Gwaggo ke ɗaukar hoton kowace jaka da lambar da aka manna mata kafin ta wuce awo.

Masauki kuma duniya ce guda. Mutum huɗu a ɗaki, biyu na son na'urar sanyi, biyu na cewa tana tayar musu da sanyin ƙashi, ni ce alƙali. Katin buɗe ƙofa kullum yana ciki, mai ɗaki tana waje. Wata Hajiya ta yi kusan rabin awa tana hawa tana sauka a lif, don ta manta hawa na nawa take, ta ce min ita dai ta san akwai tukunyar fulawa a gaban ƙofarta. Kowane hawa da tukunyar fulawarsa. Daren mu na biyu a Madina, wajen ƙarfe biyu, ƙararrawar gobara ta ɗauka, mutane suka firfito, wasu ba takalmi, Turkawa da 'yan Indonesiya da mu duk a matakala. Turaren wuta ne. Wata amarya a cikinmu ta zo da kaskonta da gawayinta, ta ce ɗakin ba ya ƙamshi. Gwaggo ce ta tsaya gaban manaja tana ba da haƙuri da guntun Larabcinta, ita kuwa amarya tana ciki ta ja bargo.

Duk wannan ga waya. Saudiyya na gabanmu da awa biyu, wato in ke kin gama kallon fim ƙarfe goma sha ɗaya kin tuna da Mama, can ƙarfe ɗaya na dare ne ko ma ta wuce, kuma mutanen nan tun kafin asuba suke tashi. “Hajiya, na kira Mama ba ta ɗaga ba.” Mama na barci, baiwar Allah. Ban ce kada ki kira ba. Amma ki tuna iyalan mutum 42 ne ke da lambar nan guda.

Shiga Rauda ma yanzu sai da izini a manhajar Nusuk, da rana da sa'a, kuma rabin dattawanmu wayarsu ta kira ce kawai. Na ga Gwaggo zaune a ƙasa da wayoyi shida a gabanta kamar mai shagon caji, tana nema wa kowa gurbi.

Akwai wadda ta ba ni tausayi, kuma saboda ku nake kawo labarinta. Yarinya ce, shekararta ba ta wuce 26 ba, ta zo da surukarta. Ranar da za mu bar Madina, mun tsaya a Abyar Ali, wato miƙatin Zul Hulaifa inda ake ɗaukar harami, ta ja ni gefe idonta ya yi ja. Al'ada ta zo mata. Harami dai ta ɗauka kamar kowa, wannan ba ya hanawa, amma ɗawafi sai ta yi tsarki, tikitin komawa kuma ba ya jiran kowa. “Anti Nas, ba ki da ƙwayar tsayarwa?” Ina da ita, amma ba haka take aiki ba. Ƙwayar jinkirta al'ada da aka fi bayarwa, norethisterone, ana fara shan ta ne kamar kwana uku kafin ranar da ake sa ran jinin, a ci gaba har a gama abin da ake so, in an daina ya zo bayan kwana biyu ko uku. In jini ya riga ya fara, ba a dogara da ita. Ba kuma kowa ake ba wa ba, musamman wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon hanta, ko wadda ake zaton tana da ciki. Shi ya sa maganar ta likita ce tun ana gida, ba ta kemis ɗin bayan layi ba ana gobe tafiya. Ita yarinyar ta san lissafin kwanakinta sarai. Kunya ce ta hana ta faɗa, don a gaban surukarta aka cike takarda. Allah ya taimake ta, ta yi tsarki saura kwana biyu mu tashi, Gwaggo ta raka ta ta yi Umrarta cikin dare. Da ta faɗa tun a Kano, da kwana biyar ɗin da ta yi tana kuka a ɗaki ba su faru ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta muku wannan.

Daga Madina zuwa Makka kilomita kusan 450 ne. Akwai jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana cinye tafiyar cikin awa biyu da 'yan kai, amma mu mota muka bi, muka isa bayan isha'i a gajiye. Aka raba abinci a roba, aka ce kowa ya ci ya ɗan miƙe, ƙarfe goma sha ɗaya za a fita, don da dare zafi ya fi sauƙi. Wanda bai taɓa zuwa ba yana ɗauka Umra addu'a ce kawai a tsaye. Tafiya ce sosai. Ɗawafi zagaye bakwai cikin turereniya, sannan sa'ayi, tsakanin Safa da Marwa mita kusan 450 sau bakwai, kin ga ya haura kilomita uku ke nan, ban da tafiyar masauki zuwa Harami. Gwaggo ta raba mu biyar-biyar, kowane rukuni da mai jini a jika guda, ta ce duk wanda ya gama ya tsaya a Marwa, kada ya fita ta kowace ƙofa.

Wajen ƙarfe biyu saura muka taru. Ta ƙirga. Na ga leɓenta ya tsaya. Na ƙirga, 41.

Wata dattijuwa ce, mai shekara kamar 70, kowa Inna yake ce mata. Mace mai barkwanci, ita ke ba mu dariya a mota. Na tambayi 'yan rukuninta, kowa ya ce, “Yanzun nan tana bayana.” Na kira wayarta, tana ringin a jakar maƙwabciyarta. Katin shaida da muka rataya wa kowa a wuya, mai sunan masauki da lambar Gwaggo, ashe ta cire tun a Madina, wai igiyar na cin wuyanta. 'Yar uwa, cikina ya ɗuri ruwa. Ki tsaya a wurin nan ki duba: dubban mutane, mata duk cikin hijabi, ƙofofi sun fi ɗari. Ta ina za ki fara?

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta tura maza biyu Ƙofar Sarki Abdul'aziz, mai lamba 1, ta wajen hasumiyar agogo, don nan ɓatattunmu suka fi nufa. Ta ce malamin ayari ya mayar da sauran masauki ya sake ƙirgawa a can. Ni da ita muka koma cikin sa'ayi muna bin gefe-gefe, ina leƙa fuskar duk tsohuwar da na gani zaune, wasu na tsaki. Minti 50 muka yi a haka. Ina tunanin abin da za mu gaya wa 'ya'yanta. Sai wayar Gwaggo ta yi ƙara, baƙuwar lamba, muryar mace, kuma da Hausa: “Ke ce mai tsohuwa? Taho, tana nan wajena, jikinta ba daɗi.”

Ɗaya daga cikin mata masu kula da Harami ce, cikin baƙar abaya da niƙabi. Haifaffiyar Makka ce, ta ce kakanninta a ƙasa suka zo ta Chadi da Sudan suka zauna, irin mutanen nan da za ki ga sunansu ya ƙare da Hausawi. Hausarta irin ta tsofaffi, mai daɗi. Ina ta samu lambar? Ta ɗaga gefen hijabin Inna ta nuna mana. Ashe tun a Kano, kafin a raba hijaban, Gwaggo ta bi kowanne ta rubuta lambarta da maka a cikin kalmasa ta ƙasa. Ko ni ban sani ba. Daga baya ta ce min, “Shekara tara ina rataya kati, shekara tara suna cirewa. Hijabi kuwa ba mai cirewa.”

Inna na jingine da ginshiƙi. Gumi ya jiƙa ta sharkaf amma jikinta sanyi ƙalau, hannunta na rawa, tana surutai marasa kan gado, ba ta gane ni ba. Wata mata a gefe har ta fara tofa mata addu'a tana cewa iska ce. Na huda yatsanta na auna suga: 2.6. Duk abin da ya yi ƙasa da 3.9, ko 70 in na'urarki irin mai manyan lambobi ce, suga ya faɗi ke nan, kuma in aka bar shi mutum na iya suma, ya yi jijjiga, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Tunda tana iya haɗiya, na ba ta rabin kwalin lemo mai zaƙi a hankali, na bi da dabino uku. Ki riƙe wannan: in mutum ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe a nemi agaji, lambar motar asibiti a can 997 ce. Bayan minti 15 na sake aunawa, ya hau 4.4. Ta buɗe ido ta kalle ni ta ce, “Jikata, ina takalmina?”

A bakin zanenta na ga ƙulli. Na kwance, fararen ƙwayoyi a leda, da guntun takardar da ta yage, amma an iya karanta glibenclamide. Maganin ciwon suga ne mai ƙarfi, yana daɗewa a jiki, kuma ya yi ƙaurin suna wajen faɗar da sugan tsofaffi. Ta sha da magariba kamar kullum, shinkafar robar ba ta yi mata ba ta ture, sannan ta yi tafiyar kilomitoci ba komai a cikinta. Saboda irin maganin, ban yarda mun koma masauki ba, don sugan na iya sake faɗuwa bayan awoyi. Ma'aikatan lafiya na Harami suka karɓe ta, aka sa mata ido har gari ya waye. Washegari da dare ta kammala Umrarta a keke, yadda malamin ayari ya tsara mata.

Da muka koma na ce Gwaggo ta ba ni takardar da iyalan Inna suka cike. Gurbin da aka tambayi ko tana da wata lalura, an rubuta: babu. Gwaggo ta kira babbar 'yarta. Da farko faɗa ta fara, ya aka yi aka bar Mama ta ɓata. Gwaggo ta bari ta gama, ta ce, “Shekara nawa tana shan maganin suga?” Shiru. Can ta ce, “Takwas. Hajiya, ki yi haƙuri, mun ji tsoro ne kada a ce ba za ta je ba. Shekara huɗu tana adashin tafiyar nan.”

Gaskiya ban iya jin haushinta ba, don na san wannan tsoron. Ni kaina da nake nas, na taɓa cike wa mahaifiyata takarda na tsallake hawan jininta, ina cewa ai yana kwance. Amma ciwon suga ko hawan jini da ake shan magani ba shi ke hana mutum Umra ba. Gwaggo ta ce ba ta taɓa mayar da kowa don wannan ba. Da mun sani, da na tsaya a kan Inna sai ta ci wani abu kafin mu fita, da na sa mata dabino a jaka, da na sa ta a rukunina, da tun farko keke muka ɗaukar mata. Kekunan suna nan a Harami, na turawa da masu lantarki, kuma ɗawafin mai uzuri a keke ɗawafi ne. Abubuwa huɗu da ba su kai aikin minti goma ba.

Ranar na bi ɗaki-ɗaki da abin awo, na rufe ƙofa, na ce kowa ya zazzage maganinsa a kan gado. A takarda masu hawan jini uku ne, na samu goma sha ɗaya. Masu suga a takarda mutum ɗaya, na samu huɗu. Da mai ciki wata uku da ko mijinta bai gama sani ba. Gwaggo ko mamaki ba ta yi ba. Ta buɗe wani tsohon littafi da take yawo da shi, kowane suna da gida biyu a gabansa, na farko abin da aka gaya mata, na biyu abin da ta gano da kanta. Gida na biyun ya fi cika.

To ke da za ki tura Mama, ko Baba, ko surukarki, ga abin da nake roƙonki. Ki samu jagorar ke da ita, ba a gaban jama'a ba, ki gaya mata komai, har da mantuwa in ta fara, har da yawan fitsarin dare. Magani ya tafi a kwalinsa na asali da sunansa a jiki, ba a ƙullin leda ba, da takardar likita, musamman masu ƙarfi na ciwon jiki, don irin su tramadol na iya jefa mutum cikin babbar matsala a can. Ki ninka adadin kwanakin, ki sa a jakar hannu, don babbar jaka kan yi nata yawon. Allurar sanƙarau a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, katin shawara kuma ya kasance tare da fasfo. Sannan ki ɗinka mata 'yar jakar rataya ta takalmi. Kada ki raina wannan. Farin dutsen da ke kewaye da Ka'aba ba ya zafi, amma daɓen waje da kwalta da rana wuta ne, mai suga kuma sau da yawa tafin ƙafarsa ba ya ji. Takalmi ya ɓace, ta tako a ƙasa zuwa masauki, sai da dare a ga ƙafa ta saɓule. Irin wannan gyambon na sha wanke shi a asibiti wata da watanni.

Ranar dawowa kuwa sikeli ne abokin gaba. Jaka biyu aka yarda wa kowa, kilo 23 kowacce, da jarkar Zamzam mai lita biyar. Dabino, dardumai, carbi, jallabiyoyin jikoki, wata har da tukunyar dafa shinkafa. Amaryarmu mai turaren wuta da kayanta suka haura, ta shiga banɗaki ta fito sanye da abaya biyar, tana tafiya kamar tantabara. Inna kuwa, da ta warware, ta sa haƙorin Makka guda biyu, tana bin kowa tana washe baki.

Gwaggo sai da kowa ya gama ta yi nata ɗawafin na ban kwana, ƙarfe uku na dare, na raka ta. A zagaye na huɗu na ga leɓenta na motsi na ɗauka addu'a ce. Da muka fito ta ce min, “Kin san wani ayari da ya wuce mu, su 19 ne? Na rasa yadda zan daina.”

Mun sauka Kano mu 42, na ƙirga da kaina sau biyu. Muna mota hanyar gida Gwaggo ta jingina kai ta fara barci, wayarta ta yi ƙara. Baba mai buta ne. Ya isa gida ya buɗe jaka, ya tarar da rigunan mata.

Wadda ta taɓa raka tsohuwa irin wannan tafiya, ta ba mu nata labarin a ƙasa. Masu tambaya kan yaye kuma ban manta da ku ba, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.